Goɗiyar da ta bar sukuwa: me ya sa ake sayenta da miliyoyi?

A watan Afrilun 2024, a kasuwar gwanjon dawaki ta Inglis da ke birnin Sydney na ƙasar Ostireliya, an sayar da wata duƙusa 'yar shekara ɗaya da rabi a kan dalar Ostireliya miliyan 10. Ba a taɓa ganin ta a filin sukuwa ba, kuma abin da ya kai farashinta can shi ne sunan uwarta, wato Winx, goɗiyar da ta ci sukuwa 33 a jere. Shekara 16 kafin nan, a Kentucky ta Amurka, an sayar da wata goɗiya mai suna Better Than Honour a kan dalar Amurka miliyan 14, alhali tana da shekara 12 kuma ta daɗe da barin fili. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, masu sauraro kan rabu gida biyu. Wasu kan ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka kuɗin ya dace. Wasu kuma kan ce gudu daga uba yake zuwa, goɗiya mazubi ce kawai, don haka an yi asara. To mene ne ainihin abin da mai saye yake biya wa kuɗi idan ya sayi goɗiya ko 'yarta, kuma yaya ake auna gadon da goɗiya take bari?

Jinsin da littafi ya killace

Dawakin da ake magana a kansu su ne waɗanda ake kira Thoroughbred, jinsin da aka samar a Ingila tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da ƙarni na 18, ta hanyar haɗa ingarmun da aka shigo da su daga gabas da goɗiyoyin da ke ƙasar. Idan aka bi layin uba, kowane doki na wannan jinsi yana komawa ne ga ɗaya daga cikin ingarmu uku, Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian, kuma wani bincike da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin ɗari suna komawa ne ga Darley Arabian shi kaɗai, wanda aka kawo Ingila a 1704. Waɗannan sunaye uku kowa a harkar ya haddace su. Goɗiyoyin da aka haɗa su da su sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma da yawansu ko suna ba a rubuta musu ba, sai dai a ce 'yar wane ko goɗiyar gidan wane.

Abin da ya mayar da waɗannan dawaki jinsi guda shi ne littafi. A 1791 James Weatherby ya fara wallafa kundin nasabar dawakin sukuwa na Ingila, kuma har yau kamfanin zuriyarsa ne ke riƙe da shi. Amurka da Faransa da Ostireliya da Japan kowace tana da nata kundin, amma ƙa'idar ɗaya ce: ba a karɓar doki sai uwarsa da ubansa duk suna cikin kundi. Akwai wani abu da masu ɗora komai a kan uba ba su cika lura da shi ba, shi ne cewa tun farko an tsara kundin ne da sunayen goɗiyoyi, a rubuta sunan goɗiya, sannan a jera 'ya'yanta a ƙarƙashinta shekara bayan shekara, kowane da sunan ubansa a gefe.

Goɗiyar haihuwa kuwa ita ce wadda aka ware domin haihuwa kawai, ko ta taɓa sukuwa ko ba ta taɓa ba. Wadda ta haifi zakaru da dama, kuma 'ya'yanta mata suka ci gaba da haifar zakaru, masu kiwo a Ingila da Amurka suna yi mata laƙabi da shuɗiyar kaza, kuma a kowane zamani ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba.

Yadda ake karanta shafin nasaba

Wanda ya buɗe littafin gwanjo na kasuwa irin Tattersalls a Newmarket ko Keeneland a Kentucky zai ga kowane doki yana da shafi guda. A saman shafin akwai jadawalin iyaye da kakanni, ɓangaren uba a sama, na uwa a ƙasa. Bayan jadawalin sai 'yan layuka kaɗan a kan uban, daga nan har ƙarshen shafin labarin mata ne: uwa ta ɗaya da abin da ta haifa, uwa ta biyu wato kaka ta wajen uwa, sai uwa ta uku, wani lokaci har ta huɗu idan wuri ya rage. Dalilin wannan rabo mai sauƙi ne. Ingarma sananne ne, ana da alƙaluman 'ya'yansa ɗaruruwa a ko'ina, amma abin da ya bambanta wannan duƙushi da sauran 'ya'yan ubansa guda ɗari da ake sayarwa a wannan shekara shi ne ɗakin da ya fito.

Shi ya sa a wannan harka 'yan uba ba 'yan'uwa ba ne. Dawaki biyu da suka haɗa uba kawai, ana cewa ingarma ɗaya ya haife su, maganar ta tsaya nan. Sai sun haɗa uwa ake kiran su 'yan'uwa, idan kuma suka haɗa uwa da uba su zama shaƙiƙai.

Idon mai saye yana fara sauka ne a kan sunayen da aka buga da baƙin rubutu mai kauri. Doki ba ya samun wannan rubutu sai ya ci ɗaya daga cikin manyan gasanni da aka amince da su, ko ya zo na biyu ko na uku a ciki. Wanda ya ci ana rubuta sunansa da manyan haruffa, wanda ya zo kusa da ƙanana. Tun 1971 a Turai, da 1973 a Amurka, aka kasa waɗannan gasanni rukuni uku, rukuni na ɗaya shi ne ƙololuwa. Shafin da ya yi baƙi ƙirin tun daga uwa ta ɗaya ya fi wanda baƙinsa ya taru a ƙasa wajen uwa ta uku daraja, domin kusancin jini shi ne abin dubawa. Sai dai shafin talla ne, kuma talla ba ta faɗin aibu da babbar murya. Idan aka rubuta cewa goɗiya ta haifi 'ya'ya tara, shida sun shiga sukuwa, uku sun ci, mai saye da ya san aikinsa zai tsaya ya yi ɗebewa, ya tambayi abin da ya hana ukun nan shiga fili, ko ƙafa ce ta karkace ko numfashi ne ya gaza, domin irin waɗannan ma ana gadonsu.

Lissafin ƙaranci

Goɗiya tana ɗaukar ciki kimanin wata 11, ta haifi ɗa guda. Tagwaye haɗari ne a wurin doki, shi ya sa likitan dabbobi kan duba cikin da na'ura tun yana mako biyu, idan ya ga biyu ya cire ɗaya. Dokar kundin nasaba kuma ta haramta duk wata dabarar ƙara yawan 'ya'ya: ba a yarda da ɗura maniyyi ba, ba a yarda da dasa ɗan tayi a cikin wata goɗiya ba, dole ingarma ya yi barbara da kansa, a gaban shaidu, sannan a tabbatar da iyayen duƙushin da gwajin DNA. Goɗiyar da ta fara haihuwa tana shekara biyar, ta ci gaba har kusan shekara 20, tare da shekarun da cikin bai shiga ba ko ya zube, idan ta samu 'ya'ya 10 zuwa 12 ta yi ƙoƙari. Ingarman da ake yayi kuwa yana iya barbarar goɗiyoyi 150 zuwa sama da 200 a kaka guda, wasu ma a ɗauke su a jirgin sama zuwa Ostireliya su yi kaka ta biyu a shekara ɗaya.

Kalanda ma tana matsa wa goɗiya. A ƙasashen arewacin duniya kowane dokin sukuwa yana ƙara shekara ne ranar 1 ga Janairu, a Ostireliya kuma 1 ga Agusta, ko da wace rana aka haife shi. Duƙushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a ƙarshen Mayu sa'o'i ne a takarda, amma na farkon ya girme shi da wata uku, kuma wata uku ba wasa ba ne a tsakanin 'yan shekara biyu. A ɗabi'arta goɗiya ba ta neman ingarma sai rana ta yi tsawo, don haka tun farkon Disamba ake kunna fitilu a barga har dare ya raba, a cika mata haske na kimanin awa 16 a rana, jikinta ya ɗauka hunturu ya wuce, ta shirya kafin a buɗe kakar barbara a tsakiyar Fabrairu. Wanda ya yi gaggawa har goɗiyarsa ta haihu ranar 31 ga Disamba ya jawo wa kansa, domin washegari jaririn ya zama ɗan shekara ɗaya.

Daga nan ne tsadar take fitowa, haka ma haɗarin. A ce an yi wa goɗiya barbara a bana. Baɗi za ta haihu, shekara ta gaba a kai duƙushin kasuwa, ta gaba ya fara sukuwa, sai a shekara ta huɗu zai kai munzalin manyan gasannin 'yan shekara uku. Kafin mai ita ya san ko ɗanta na fari yana da gudu, ya riga ya biya kuɗin barbara sau huɗu ko biyar a makance, kuma kuɗin barbarar manyan ingarmu irin Frankel da Dubawi ya kai fam 350,000 a kan goɗiya guda a 2024. Goɗiyar da ta riga ta nuna abin da take iya haifa ta cire wa mai saye wannan duhu, kuma shi ne abin da aka saya a wurin Better Than Honour: ɗanta Jazil ya ci gasar Belmont, ɗaya daga cikin manyan gasannin Amurka uku, a 2006, 'yarta Rags to Riches ta ci ta a 2007, kuma ubanninsu daban. Amma shekaru ba sa jira, kuma bayan wannan ciniki ba ta sake haifar wanda ya kai waɗancan biyun ba.

Abin da uwa take bayarwa a zahiri

Doki yana da ƙunshin ƙwayoyin gado 64, yana karɓar 32 daga uwa, 32 daga uba. A nan maganar mazubi ta faɗi, domin rabon daidai yake. Bayan wannan rabin akwai abubuwan da uwa ce kaɗai ke bayarwa. Akwai mitokondiriya, ƙananan sassan da ke sarrafa ƙarfi a cikin kowace ƙwayar halitta, waɗanda ke da nasu ɗan guntun DNA kuma ta wajen uwa kawai ake gadonsu. Akwai mahaifa, wadda lafiyarta ke shafar girman ɗan tayi, sannan akwai nono da reno na wata biyar zuwa shida kafin yaye, lokacin da duƙushi yake koyon yadda ake zama da mutane da sauran dawaki daga uwarsa.

Har ila yau ɗa namiji yana samun ƙunshin gado na X, ɗaya daga cikin biyun da ke tantance namiji ko mace, daga uwarsa ne kawai, kuma a kan wannan aka gina wani ra'ayi da ya yi farin jini, cewa girman zuciya, irin wanda aka ce an gani a jikin shahararren dokin sukuwar Amurka Secretariat bayan mutuwarsa, yana bin layin mata. Ra'ayin yana da daɗin ji, amma masana ƙwayoyin gado ba su tabbatar da shi ba, kuma gudu abu ne da ɗaruruwan ƙwayoyin gado ke haɗuwa su samar, tare da abinci da horo da sa'ar rashin rauni. Abin da bincike ya fi tsayawa a kansa shi ne wata ƙwayar gado mai kula da girman tsoka, wadda masu bincike a Ireland suka nuna a 2010 cewa tana da alaƙa da ko doki zai fi dacewa da gajeren zango ko dogo. Ita ma kowane doki yana karɓar guda daga uwa, guda daga uba.

Urban Sea

Idan ana son ganin yadda gadon goɗiya guda yake yaɗuwa, babu misalin da ya kai na Urban Sea a wannan zamani. An haife ta a Kentucky a 1989. Ubanta Miswaki ne, uwarta kuma Allegretta, wadda ta fito daga wani tsohon gidan dawakin Jamus da aka sani da juriyar dogon zango. An horar da ita a Faransa a hannun Jean Lesbordes, tana mallakar iyalin Tsui na Hong Kong, kuma a watan Oktoban 1993 ta ci Prix de l'Arc de Triomphe a filin Longchamp na Paris, gasar mita 2,400 da ake ɗauka ita ce babba a Turai, a ranar da 'yan kallo kaɗan ne suka sa ta a lissafi. Mutane da yawa sun ɗauki nasarar a matsayin sa'ar rana ɗaya.

Ta haifi 'ya'ya 11. Huɗu daga ciki sun ci gasa ta rukuni na ɗaya, kuma daga ubanni uku daban-daban, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi da ake kafawa idan ana son nuna cewa alherin daga uwar yake. Galileo, wanda ta haifa wa Sadler's Wells a 1998, ya ci Derby ta Epsom, babbar gasar 'yan shekara uku ta Ingila, da Derby ta Ireland a 2001. Sea The Stars, wanda ta haifa wa Cape Cross a 2006 tana da shekara 17, ya ci gasa shida na rukuni na ɗaya cikin wata shida a 2009, har da 2000 Guineas da Derby da kuma Arc ɗin da uwarsa ta ci shekara 16 kafin nan. Ita ba ta ga wannan ba, domin ta mutu a watan Maris na wannan shekara bayan ta haifi autanta Born To Sea, wanda daga baya ya zo na biyu a Derby ta Ireland.

Goɗiya ba ta iya cika duniya da jininta sai ta hanyar ɗa namiji da ya zama babban ingarma, kuma ita ta samu biyu. Galileo ya zama zakaran ingarmun Birtaniya da Ireland sau 12 kafin mutuwarsa a 2021, 'ya'yansa biyar sun ci Derby, kuma shi ne uban Frankel, wanda ya shiga sukuwa 14 bai faɗi ko ɗaya ba. Sea The Stars ya haifi Harzand da ya ci Derby a 2016, da Stradivarius, da Baaeed. 'Ya'yanta mata su ma sun riƙe nasu layin. Wanda ya ɗora yatsa a kan jadawalin Masar, dokin da ya ci Derby a 2018, zai ga ubansa New Approach ɗan Galileo ne, don haka Urban Sea tana tsara ta uku ta sama. Idan ya sauko ƙasa, uwarsa Khawlah ce, uwarta Villarrica, uwarta Melikah, ita kuma Melikah 'yar Urban Sea ce, wato tana tsara ta huɗu ta ƙasa. Wannan shi ne abin da masu kiwo ke rubutawa 3 x 4, kuma da gangan ake yin sa, domin a ninka jinin goɗiyar da aka yarda da ita.

Duk da haka, a cikin ɗakin nan ma akwai darasin da ke rage wa mutum zumuɗi. Black Sam Bellamy shaƙiƙin Galileo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara guda tsakaninsu. Doki ne nagari, ya ci rukuni na ɗaya, amma a matsayin ingarma ya ƙare ne a wajen masu kiwon dawakin tsallake shinge, inda kuɗin barbara bai kai ko kusa da na wansa ba.

Waɗanda suka kasa a fili, da waɗanda suka kasa a barga

La Troienne, wadda Marcel Boussac ya yi kiwonta a Faransa, an haife ta a 1926, ta shiga sukuwa bakwai ba ta ci ko ɗaya ba. A Disamban 1930 aka kai ta gwanjo a Newmarket, wakilin Edward Bradley na Kentucky ya saye ta a kan gini 1,250 (gini shi ne kuɗin da ake cinikin dawaki da shi a wannan gwanjo, kowane ɗaya ya ɗan ɗara fam ɗaya). Ta haifi 'ya'ya 14, cikinsu har da Black Helen da Bimelech, wanda ya ci Preakness da Belmont a 1940, kuma ta layin 'ya'yanta mata aka samu zakaru irin su Buckpasser da Easy Goer da Smarty Jones. Somethingroyal sau ɗaya ta shiga fili, ba ta zo ko na uku ba, amma tana da shekara 18 ta haifi Secretariat, wanda ya lashe manyan gasannin Amurka uku a 1973.

Labarin yadda Secretariat ya faɗa hannun masu shi ya nuna iyakar sanin masana. Gidan Chenery, masu Somethingroyal, sun yi yarjejeniya da gidan Phipps, masu ingarma Bold Ruler, cewa maimakon kuɗin barbara za a raba 'ya'yan da aka samu ta hanyar jefa kwabo. A 1969 Ogden Phipps ya ci jifar, ya zaɓi duƙusar da Somethingroyal ta haifa a wannan shekara. Gidan Chenery da ya faɗi jifar shi ya tashi da cikin da goɗiyar take ɗauke da shi, wanda aka haifa a 1970. Duƙusar da aka zaɓa, mai suna The Bride, ba ta taɓa cin sukuwa ba, ƙanenta kuma shaƙiƙinta shi ne Secretariat.

A ɗaya gefen akwai Zenyatta, wadda ta ci sukuwa 19 cikin 20 a Amurka, har ta doke maza a Breeders' Cup Classic a 2009. An kai ta wurin manyan ingarmu, amma 'ya'yanta maza biyu na farko sun shiga fili ba su ci ko sau ɗaya ba. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma dalilin a lissafe yake. Zakara yana zama zakara ne saboda ƙwayoyin gado masu yawa sun haɗu a jikinsa cikin wani tsari da ba kasafai ake samu ba, kuma idan ya zo haihuwa rabi kawai yake miƙawa, a cakuɗe, kowane ciki da irin cakuɗarsa. Shi ya sa 'ya'yan fitattu, a jimlace, sun fi na gama-gari amma ba su kai iyayensu ba.

A ganina kuskure ne a ɗauki labarin La Troienne a matsayin hujjar cewa gudun goɗiya ba shi da amfani wajen zaɓe. Ana tuna ta ne saboda ta fita daban daga dubban goɗiyoyin da suka kasa a fili kuma suka kasa a barga, waɗanda ba wanda ya rubuta tarihinsu. Ita da Somethingroyal kuma 'ya'yan manyan gida ne, La Troienne 'yar ingarma Teddy, Somethingroyal 'yar ingarma Princequillo. Ga kuma irin su Miesque, wadda ta ci Breeders' Cup Mile a 1987 da 1988, sannan 'ya'yanta biyu na farko, Kingmambo da East of the Moon, duk suka ci manyan gasanni a Faransa. Abin da ke wahalar da masu bincike a nan shi ne cewa goɗiyar da ta yi suna ita ake kai wa ingarma mafi tsada, ɗanta kuma ya tafi hannun mai horarwa mafi ƙwarewa, don haka raba rabon jini da rabon gata ba abu ne mai sauƙi ba.

Gardamar lambobin gidaje

A 1895 aka wallafa aikin wani ɗan Ostireliya mai suna Bruce Lowe bayan rasuwarsa, inda ya bi layin mata na dawakin da suka ci manyan gasannin Ingila, Derby da Oaks da St Leger, har zuwa iyayensu mata na farko a kundi, ya kasa su gida 43, ya ba kowane gida lamba gwargwadon yawan nasarorinsa. Ya yi iƙirarin cewa wasu gidaje na gudu ne, wasu na haifar ingarmu, kuma wanda ya iya haɗa lambobin zai samu zakara. Masu kiwo da dama sun bi shi, sakamakon bai gaskata shi ba, domin gidajen da suka fi cin gasa su ne dama suka fi yawan dawaki. Lissafi ma bai goyi bayansa ba: kakar da ke tsara ta goma rabonta a jinin doki ɗaya ne cikin 1,024, ta tsara ta 20 kuma bai kai ɗaya cikin miliyan ba. A 2002 wani binciken DNA na mitokondiriya ya gano cewa wasu layukan da kundi ya rubuta a matsayin gida ɗaya ba uwa ɗaya suka fito ba, wasu kuma da aka raba ashe tushensu guda. Lambobin sun tsira a matsayin hanyar tsara bayanai, ana cewa Urban Sea 'yar gida 9-h ce, La Troienne kuma ta 1-x, amma masu saye da kuɗinsu ba sa wuce uwa ta uku ko ta huɗu.

Wa abin yake shafa

Tun da kundin a rufe yake, kuma kowa yana rububin ingarmu ƙalilan, jinin yana ƙara matsewa. Da wuya a samu dokin sukuwa a Turai yau da babu ingarma Northern Dancer a jadawalinsa, sau da yawa fiye da sau ɗaya, kuma Galileo jikansa ne. Masu kiwo a Turai sun kai matsayin neman ingarman da babu Galileo a jininsa domin su kai masa 'ya'yan Galileo mata. A 2020 hukumar da ke riƙe da kundin Amurka ta sanya dokar cewa ingarman da aka haifa daga wannan shekara ba zai wuce goɗiyoyi 140 a kaka ba. Manyan gidajen kiwo uku suka kai ƙara kotu, suna cewa an shiga haƙƙin kasuwancinsu, kuma a 2022 hukumar ta janye dokar. Masu goyon bayan ƙayyadewa suna tsoron raunin ƙashi da raguwar haihuwa idan dangantaka ta yi yawa, masu adawa kuma suna cewa kasuwa ce ya kamata ta yanke hukunci, kuma ba a nuna musu cutar da ta kai a hana su cin riba ba.

Ƙaramin mai kiwo da ke da goɗiya biyu ko uku shi ne ya fi jin jiki. Idan ya kai goɗiyarsa wurin ingarma mai araha, kasuwa ba za ta kalli duƙushin ba, idan kuma ya kai ta wurin mai tsada, ƙafa ɗaya da ta fito a karkace ta isa ta cinye masa jarin shekara biyu. Wannan ne ya sa baƙin rubutu ya zama abin farauta. Doki namiji da bai kai ƙololuwa ba yawanci dandaƙe shi ake yi, darajarsa ta ƙare da ƙarewar gudunsa, amma duƙusa mace da ta zo ko da ta uku a ƙaramar gasa mai ba da baƙin rubutu ta samu abin da za a buga a shafin duk ɗan da za ta haifa, da na jikokinta. Shi ya sa ake ganin mai horarwa ya ɗauki duƙusa daga Ingila zuwa wani ƙaramin fili a Jamus ko Italiya saboda gasar da kyautarta ba ta biyan kuɗin mota.

Ga mai kallon sukuwa, nasaba tana da amfani ne musamman kafin doki ya fara fita, domin tana ba da haske a kan zangon da zai iya da irin ƙasar da zai so, ciyawa ko turɓaya, busasshiya ko mai laima. Da zarar ya yi sukuwa uku ko huɗu, abin da ya nuna a fili ya fi takarda.

Su kuwa goɗiyoyin, makomarsu ba ɗaya ba ce. A gwanjon Disamba na Tattersalls, inda har yau ake ciniki da gini, wato fam ɗaya da fensa biyar, an sayar da goɗiya Marsha a kan gini miliyan 6 a 2017. A ranakun ƙarshe na wannan gwanjo, lokacin da manyan masu saye suka watse, ana zagayawa da tsofaffin goɗiyoyin da 'ya'yansu uku ko huɗu suka fita ba su yi abin kirki ba, wasu a sayar da su a kan abin da bai kai kuɗin ciyar da su na shekara ba, wasu a fitar da su ba wanda ya taya. Manyan gidaje kan ajiye tsofaffinsu a makiyaya har ƙarshen rayuwarsu, kamar Somethingroyal da ta kai shekara 31. Ƙungiyoyin da ke sama wa dawakin sukuwa sabon gida sun fi samun masu karɓar matasan da za a iya hawa, goɗiya 'yar shekara 18 da rabonta da sirdi ya kai shekara goma sha kuwa tana daɗewa tana jira.